Kaboyin da Baba Ya Ara wa Murya

Kwaf-kwaf, kwaf-kwaf. Ina tsaye a kicin ina tsintar shinkafa na jiyo ƙarar daga falo, kofunan roba biyu ne aka kifa ana buga su a kan tayil. Hannuna ya tsaya cak a cikin faranti. Jikata ce, takwarata, ta ɗauko kofunan shan ruwanta tana wasa, ba ta san ta taɓo komai ba. Ni kuwa a wannan tsayuwar na bar unguwar Al Qusais ta Dubai, na bar benen da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da ba ta hutawa, na koma tsakar gidanmu a Kano. Ga ni yarinya, durƙushe a kan siminti, ƙoƙo biyu a hannuna, ina kallon fuskar Baba ina jiran ya ɗaga mini gira in saki doki.

Ba don dogayen gine-gine na zo Dubai ba. Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗana ya matsa in zo in huta a wurinsu. Shi yana aikin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, tun da safe ya fita sai yamma, matarsa kuma tana aiki a wani asibiti. Saboda haka yawancin yini daga ni sai yarinyar, idan motar makaranta ta sauke ta. Yarinya ce mai hankali, haƙoranta na gaba ba su daɗe da faɗuwa ba. Tana kawo mini ruwa ba tare da na roƙa ba, tana gyara mini takalmi a bakin ƙofa. Amma tun da na zo ba ta taɓa buɗe baki ta yi mini kalma ɗaya da Hausa ba. Tana ji sarai. In na ce ta miƙo mini carbi, za ta miƙo. Amsar ce sai da Turanci, wani lokaci da ɗan Larabcin makaranta. Uwarta ta faɗa mini dalili: wata Sallah da suka je gida ta gaida mutane da Hausa, yaran dangi suka kwashe da dariya suna kwaikwayonta, tun ranar ta rufe bakin. Na yi sakandare, ina da ɗan Turancina, da shi nake tambayarta ko ta ci abinci. Amma ban iya tsokana da Turanci ba, ban iya sa albarka da shi ba. Ga bizata ta kusa ƙarewa, shekaru kuma sun ja, ban san ko Allah zai sake nufa in dawo ba. Abin da nake tsoro ke nan: in koma gida ban ji harshen iyayena a bakin yarinyar da aka sa wa sunana ba.

Baba mai gyaran rediyo ne. Ɗan shagonsa a bakin titi yake, kullum warin dalma da ƙura, rediyoyi jere a kanta wasu da murfi wasu hanjinsu a waje. Wata rana wani mai hali ya kawo masa talabijin, irin mai ƙafafu huɗu da ƙofar katako, hoto yana fita tas amma babu ko tari. Wani abu ne ya ƙone a cikinta, aka neme shi a kasuwa aka rasa. Mai ita ya gaji ya sayi sabuwa, ya ce Baba ya yi yadda ya ga dama da tsohuwar. Haka bebiyar talabijin ta shigo gidanmu a kan kura, yaran unguwa na biye da ita kamar an kawo amarya. A lokacin sai da yamma ake buɗe tasha, kuma ranar Lahadi bayan la'asar sukan sa tsofaffin finafinan Amurka, baƙi da fari. Waɗanda suka fi shiga ranmu su ne na kaboyi, amma ba na jarumai masu ɗaure fuska ba. Akwai wani mutum da yake yawan fitowa, hularsa ta fi kansa girma, bindigarsa kullum tana maƙalewa a kube, in ya ji motsi idanunsa su zazzaro kamar na wanda ya haɗiyi dankali da zafi. Kowa a garin jarumi ne sai shi, kuma kullum shi ake kuskure a naɗa ɗan doka.

Ranar farko mun zauna shiru muna kallon bakuna suna motsi. Can sai Baba, yana zaune a kujerarsa ta tsugunno yana jan carbi, ya maƙale murya ya ce, daidai lokacin da mutumin ya sauka daga doki a tsakiyar gari: "Salamu alaikum mutanen gari, don Allah ina ne hanyar fita?" Muka kwashe da dariya har ƙanina ya ƙware. Daga ranar abin ya zama aiki. Baba ne bakin kowa: ya yi siririyar murya ta Sarkin Gudu, sunan da ya raɗa wa mutumin ke nan, ya juya ya yi ta wani mugu mai gashin baki kamar daga cikin rijiya. Mugun ya ce, "Kai ne sabon ɗan doka?" Sarkin Gudu ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, rigar ce ta ɗan doka, ni aro na yi." Yaya shi ne bindiga, silifa yake makawa a kan tabarma. Ƙanina iska ne, yana hura baki a cikin kwalba. Ni ce doki. Ƙoƙo biyu Inna ta ba ni daga cikin waɗanda suka tsage, na koyi tafiyar ƙasaita, na koyi sukuwa, na koyi yadda doki ke turjewa in ya ga rami. Idan na yi gaggawa Baba ya ce, "Sannu mai doki, ba a ba ki alama ba tukuna." Kuma duk fim, komai daɗewa, sai an zo wurin da za a kama Sarkin Gudu yana sulalewa ta bayan gari, Baba ya yi shiru, ya bar mu muna jira, sannan ya ce, "Ni ba tsoro nake ji ba, dokina ne ba ya son hayaniya." Mun san za ta zo, amma ba ta taɓa zuwa ba mu yi dariya ba.

Baba mutum ne mai kiyaye gidansa, don haka garin kaboyi ma sai da ya musulunta a bakinsa. Ɗakin nan mai ƙofa biyu da ke lilo, inda maza ke jingina suna kurɓa daga ƙananan kofuna, shagon mai shayi ne. Wata rana Yaya, da ya fara wayo, ya ce, "Baba, wane irin shayi ne ake sha a faɗi ƙasa?" Baba bai ko kalle shi ba ya ce, "Sukari ne ya yi masa yawa. Ka dai ga ƙarshen zari." Idan kuwa matan nan masu rawa suka fito, ko wani ya matso kusa da wata fiye da kima, sai Baba ya miƙe ya tsaya a gaban akwatin ya ware hannuwan babbar rigarsa, ya ce, "Jama'a, an tafi hutu." Ya riƙa leƙawa ta kafaɗarsa har abin ya wuce, sannan ya koma ya zauna. Matan maƙwabta sukan shigo da ƙannensu da goyonsu su cika tsakar gida, wata da tsintar wake, wata da saƙar hula. Inna ba ta taɓa zama a cikinmu ba. Tana bakin madafa da rariya tana tankaɗe, wai ita ba ruwanta da shirme, amma mun sha ganin kafaɗunta suna rawa. Da an kira magariba Baba zai rufe ƙofar katakon ko da an kai tsakiyar faɗa, ya ce, "Su ma su je su yi tasu." Finafinai da yawa ba mu san ƙarshensu ba, sai wanda Baba ya ba mu a kan tuwo.

Sai wata shekara ya samo abin da ya ƙone, a cikin wata matacciyar talabijin da aka kawo masa. Ya kwana biyu yana murna kamar yaro. Labari ya zaga unguwa cewa bebiya za ta yi magana, ranar Lahadin tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa. Baba ya zagaya bayan akwatin da ƙarfen dalmarsa, ya haɗa wayar, sai kiɗa ya ɓarke. Dawakai na gaske suka yi sukuwa, bindiga ta gaske ta tashi har wani goyo ya tsala kuka. Na dubi ƙoƙunana, na ajiye su a cinya. Yaya ya mayar da silifarsa ƙafa. Sannan Sarkin Gudu ya buɗe baki, sai na ga Baba ya daskare a tsaye. Ya ce, "Ikon Allah. Na san muryar nan." Ya matso har gaban gilashin ya tsuguna. Ya ce shekara da shekaru, in yana gwada rediyo a gajeren zango, yakan faɗa wata tasha mai nisa inda wani Bature ke magana, ya yi shiru, sai taron mutane su fashe da dariya. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma yakan bar allurar a wurin yana aikinsa, har ya riƙa dariya tare da su, don ya gane inda mutumin ke ajiye shirunsa. Ya ce, "Ashe kai ne. Ashe a rediyo ka fara." Yana faɗa yana murmushi kamar wanda ya haɗu da abokin ƙuruciya a tashar mota.

Mu kuwa muka zuba wa akwatin ido. Mutumin yana ta zuba, ba wanda ya yi dariya. Matan suka juyo gare ni, tunda ni ce 'yar sakandare: "Me ya ce? Ke, me ya ce?" Turancin ta hanci yake fita, da gudu, ba irin na malamarmu ba, in na kama kalma ɗaya tara sun wuce. Wata ta ce ta bar tukunya a wuta. Wata ta ce goyonta ya yi barci. Tsakar gida ta fara raguwa, Baba bai ma lura ba, yana tsugune fuskarsa tana haske. Sai muka ji an daina tankaɗe.

"Malam," in ji Inna.

"Na'am."

"Mutumin nan ba shi da daɗin baki. A dawo mana da namu."

Baba ya juyo ya dube ta, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ƙoƙunan da ke cinyata. Ya sake juyawa ga gilashin ya ɗan jima yana sauraro, kamar mai cika goran ruwa kafin tafiya. Sannan ya miƙe, ya zagaya baya, ya zare wayar. Ya dawo kujerarsa, ya gyara murya, ya ɗaga mini gira. Bai sake haɗa wayar nan ba har talabijin ɗin ta mutu. A lokacin murna kawai na yi, an dawo mini da dokina. Sai da na girma, na yi aure, na san abin da ake nufi da mutum ya ajiye abin da ransa ke so saboda mutanen gidansa, sannan na tambaye shi ko bai ji ciwo ba. Ya tsufa a lokacin, idanunsa sun fara hazo. Ya ce, "Shi yana da masu yi masa dariya a ƙasarsu. Ku kuwa ni kaɗai gare ku."

Yau babu ko ɗaya daga cikin wannan. Baba ya rasu, Inna ta bi shi ba da jimawa ba, Yaya ma ya riga mu, ƙanina kuma ƙarami ne sosai a lokacin, ya ce shi kwalbar kawai yake tunawa. An sayar da gidan, an rushe, an jera shagunan waya a wurin. Na taɓa wucewa na tsaya ina lissafin inda bakin madafar Inna yake, sai wani yaro ya leƙo ya ce, "Hajiya, caja kike nema?" A da akwati ɗaya ne mara murya ya ishi unguwa guda. A gidan ɗana na ƙirga allon kallo, na bango da na hannu, ya fi mutanen gidan yawa, kowanne da muryarsa, kuma kowa ya toshe kunnensa da waya. Kana zaune kusa da mutum sai ka ga ya yi dariya shi kaɗai, ba ka san me ya ji ba, ba ka da hurumin tambaya. Ban ce zamaninmu ya fi ba. Mun sha wahalar ruwa, mun binne yara da ciwon da yau allura ɗaya ke warkarwa, kuma ina gode wa Allah da ya nuna mini ɗana cikin rufin asiri. Amma mu dariyarmu a faranti ɗaya muke cin ta, kamar tuwo.

Ranar da na ji ƙarar kofunan nan, da muka zauna cin abinci na ba ɗana labarin. Ya ce, "Hajiya, ai yanzu ba abin da ya ɓace. Yalla, mu je, bari mu gani." Ya dinga latsa rimot yana nuna mini fuskoki a babbar talabijin ɗin falo, wannan ba shi ba, wannan ma ba shi ba, har hular nan ta bayyana. Na ce, "Tsaya." Ya karanta abin da aka rubuta a ƙasa ya ce wai mutumin ɗan barkwancin rediyo ne kafin ya shiga fim, irinsu da yawa aka ɗebo daga rediyo aka ɗora a kan doki. Na ce, "Kakanka ya riga ka sani." Ya kunna. Takwarata ta kalla kaɗan, ta tambayi ubanta da Turanci ko talabijin ɗin ta lalace ne, ina kalar ta tafi. Sannan ta ɗauki allonta ta toshe kunne. Wayar ɗana ta yi ƙara, wata kwantena ta maƙale, ya tashi ya shiga ɗaki. Aka bar ni ni da Baturen. Yanzu ina ɗan fahimtarsa, barkwancinsa duk a kan abubuwan ƙasarsu ne, kuma na yarda gwani ne. Amma baƙo ne sanye da fuskar ɗan gidanmu. Kafin in kashe na roƙi ɗana ya nuna mini inda zan same shi, da maɓallin da ke ɗauke murya.

Bayan 'yan kwanaki, ina zaune da rana kewa ta dame ni, na kunna shi. Yarinyar ta dawo daga makaranta tana kwance a kan kujera da allonta. Ba a jima ba aka kira la'asar daga masallacin da ke bayan ginin, na danna maɓallin na ɗauke muryar kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, na amsa kiran, na shiga ɗaki na yi salla. Na daɗe a sujada ina nema wa Baba da Inna gafara. Da na fito na tarar ta sauko ƙasa, wayar kunnen tana rataye a wuyanta, tana kallon hoton da ba ya magana. Sarkin Gudu ne ya taka likkafa zai hau doki, ya wuce ta ɗaya gefen ya faɗi. Wallahi ban shirya ba. Bakina ne kawai ya buɗe, siririyar muryar nan ta fito: "Madalla, na ga wannan gefen. Lafiya lau yake." Ta juyo ta dube ni. Ban kalle ta ba, don na ji tsoron in na kalle ta za ta gudu. Mai gashin baki ya shigo, na saukar da murya cikin rijiya. Suka shiga shagon mai shayi na ce a haɗa musu kauri. Da masu rawa suka fito na tashi da ciwon gwiwata na tsaya gaban allon na ware mayafina, na ce, "Jama'a, an tafi hutu." Sai na ji dariya ta ɓarke, irin wadda ke fita ta gurbin haƙori, har da buga ƙafa a ƙasa.

Na aike ta da Hausa ta kawo mini kofunanta, ta kawo da gudu. Na zauna a ƙasa na kifa su. Sai dai aikin mutum biyu ne, ban taɓa haɗa su ba. In na kama magana doki ya tsaya, in na saki doki numfashina ya gaza. Dawakai suna gudu a allo nawa yana ɗingishi a baya. Tana zaune dab da ni har gwiwarta na taɓa tawa, idonta yana kan hannuwana, ni kuma ban roƙe ta ta karɓa ba.

Muna cikin haka aka buɗe ƙofa, ɗana ne ya dawo da wuri. Ya yi sallama, ya ga uwarsa a ƙasa da kofuna, ya ga hoto ba murya. Ya ce, "Subhanallah, Hajiya, rimot ɗin ne ya ba ki wahala? Khalas, shi ke nan, kawo in gyara miki." Kafin in yi magana ya ɗauka ya danna. Kiɗa ya cika falon, dawakai na gaske, Turanci ta hanci. Na dubi kofunan, na ajiye su a cinya, kamar yadda na taɓa ajiye wasu. Yaron kirki ne, taimako ya yi, ba zan ce masa ya ɓata ba. A allon kuwa an kusa zuwa wurin, ga Sarkin Gudu can yana jan dokinsa ta bayan gari, mutanen gari sun taho za su tare shi.

Sai yarinyar ta miƙe. Ta je ta zare rimot daga hannun ubanta ba tare da ta dube shi ba, ta danna maɓallin, falon ya yi tsit. Ta dawo ta durƙusa a gabana, ta ɗauki kofunan daga cinyata, ta kifa su a kan tayil. Leɓenta ya riƙa motsi kamar mai gwada ruwa da ƙafa kafin ta shiga. Sannan ta ɗago, a hankali, da Hausar da ta ɓoye tun waccan Sallar, ta ce:

"Kaka, ki yi magana. Ni ce doki."